Ginshiƙan Akuta: Dukiyar da Ake Bari a Ƙarƙashin Ƙasa

Mai karatu, ko a Dakoro kake, ko Kornaka, ko Birnin Lalle, sunan Arlit ba baƙo ba ne a kunnenka. Sunan ƙarfen yuraniyom kuwa kowa ya sha jin sa a rediyo. Ana maganar kuɗinsa, ana gardama kan wanda ya ci riba da wanda aka ƙwara. Amma akwai tambaya guda wadda ba a cika yi ba. Ramin da ƴan'uwanmu suka yi shekara 43 suna shiga, mita 250 a ƙarƙashin ƙasa, me ya riƙe rufinsa? Tarihin wannan za mu bi yau, domin akwai abin da ya shafe mu a ciki.

Yadda aka gano ƙarfen

Haƙar ma'adini daɗaɗɗen abu ne a yammacin Abzin. A shekarar 1353 matafiyin nan Ibn Baɗɗuɗa ya sauka wani gari mai suna Takadda, ya tarar ana haƙar jan ƙarfe ana narkawa. Masana da yawa suna ganin kangon Azelik, a ƙasar In Gal, shi ne Takadda ɗin. To, a nan Azelik ne, cikin 1957, Turawan Faransa masu neman jan ƙarfe suka ci karo da alamun yuraniyom. Hukumar Faransa mai kula da makamashin nukiliya ta karɓi binciken, ta yi ta huda ƙasa tana awo. A 1965 aka samu na wajen Arlit, a 1966 na Imuraren, a 1967 kuma na Akuta.

A Arlit ƙarfen bai yi zurfi ƙwarai ba. Saboda haka kamfanin SOMAIR, wanda aka kafa a 1968, ya yaye ƙasar sama, ya buɗe ƙaton rami a fili, ya fara fitar da kaya a 1971. Na Akuta kuwa, ƴan kilomitoci daga nan, yana kwance can ƙasa, wajen mita 250. In ka auna da igiyar guga, gaba 140 ke nan ko kusa da haka. Kai da ka san wahalar rijiyoyinmu na kwarin Tarka, ka kwatanta. Yaye ƙasa mai wannan kauri ya fi ƙarfin aljihu, dole sai a bi ta ƙarƙashi.

A 1974, shekarar da Seyni Kunce ya karɓi mulki, ana tsakiyar raɗaɗin fari, aka kafa kamfanin COMINAK. Faransa ta riƙe kashi 34 cikin 100, Nijar 31, wani kamfanin Japan 25, wani na Sifaniya 10. Lokacin farashin man fetur ya hau, ƙasashen Turai da Japan suna rige-rigen gina tashoshin lantarki na nukiliya, yuraniyom ya yi daraja. Aka haƙa hanya mai gangara wadda motoci ke bi har ƙasa. A 1978 kaya suka fara fitowa. Aka kafa garin Akokan don ma'aikata, aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Arlit, aka kafa SONICHAR a Anu Araren tana ƙona gawayin dutse don ba da wuta. A 1981 abin da Nijar ta fitar ya haura tan 4,000, kuma yuraniyom ya zarce rabin kuɗin duk abin da ƙasar take sayarwa waje.

Magini da mahaƙi

Ƙarfen Akuta yana cikin dutsen yashi, wato rairayin tsofaffin gulabe da ya daskare tun fiye da shekara miliyan 300. A kwance yake, shimfiɗa bisa shimfiɗa, kaurinsa ƴan mitoci kaɗan. Irin wannan kwanciya tana da hanyar haƙarta, ana ce mata ɗaki da ginshiƙi. Ana fasa hanyoyi a miƙe, a fasa waɗansu a gicciye, kamar gurabun dara. Abin da aka kwashe shi ne ɗaki. Abin da aka bari tsakanin hanyoyi shi ne ginshiƙi.

Ka san aikin soro. Azarar giginya ba ta son a ba ta rata fiye da taki biyu. In ɗakin ya fi haka faɗi, sai magini ya tsayar da ginshiƙi a tsakiya, ko ya ɗaura baka. Da wannan ilimi Falke Barmu ya gina masallacin Yama a jahar Tawa, wanda ya fara a 1962, har ya samu lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Amma lura da bambancin. Magini yana fara tsayar da ginshiƙi, sa'an nan ya ɗora masa kaya gwargwadon ƙarfinsa. In ya ga nauyin ya yi yawa, ya rage ƙasar rufi. Mahaƙi kuwa ya tarar an riga an ɗora kayan tun kafin a haifi kakanninsa, ba shi da ikon rage ko tsakuwa guda. Aikinsa duka shi ne zare abin da ke riƙe da kayan. Kowace tebur ya kwasa, ya rage wa rufin mataimaki.

Zo mu yi lissafi tare. Dutse mai mita 1 tsawo, mita 1 faɗi, mita 1 tsayi, nauyinsa wajen tan 2 da rabi ne. Jera irinsa 250 bisa juna, ka samu tan 625. Wato a ƙasan Akuta, kowane wuri mai faɗin taki ɗaya ta kowane gefe yana ɗauke da nauyin buhun gero 6,250 masu kilo 100. Wannan tun ba a taɓa kome ba ke nan. In aka kwashe rabin dutsen, rabin da ya saura zai ɗauki nasa da na wanda ya tafi, tan 1,250. In aka kwashe kashi uku cikin huɗu, ya zama tan 2,500. In aka kwashe tara cikin goma, tan 6,250. Duba da kyau: daga kashi 75 zuwa kashi 90, ƙarin kayan da aka samu kaɗan ne, amma nauyin ya ninka sau biyu da rabi.

To, me zai sa mutum ya matsa wa ginshiƙi haka? Dalilin shi ne ginshiƙin ma ƙarfe ne. A Akuta tan guda na dutse yakan ba da yuraniyom wajen kilo 4. A misali, ginshiƙi mai mita 10 ta kowane gefe, tsayinsa mita 4, dutse ne tan 1,000, cikinsa da yuraniyom wajen tan 4. Ga shi an riga an kashe kuɗin hanya, ga mota a kusa, ga nakiya a hannu. Wanda ke riƙe da littafin kuɗi yana ganin dukiya ce aka bari a banza. Wanda ke aiki a ƙarƙashin rufin yana ganin ransa ne a tsaye. Tarihin ginshiƙan ma'adinai duka ja-in-ja ne tsakanin waɗannan biyu.

Darasin da aka saya da rai

Shekara da shekaru, girman ginshiƙi da ido ake yanke shi, da abin da aka gada wurin magabata. Abin da ya canja wannan ya faru ne nesa da mu, a Afirka ta Kudu, a wani ramin gawayin dutse mai suna Kolburuk. Masu ramin suna son ƙarin gawayi don tashar lantarki da ke kusa. Sai suka koma tsofaffin ɗakuna suna fafe gawayin da aka bari a rufi, suna kuma rage jikin ginshiƙai. Ginshiƙan suka ƙara tsayi, suka rage kauri. Ran 28 ga Disamba 1959 wani sashe ya rufta, aka ci gaba da aiki. Ran 21 ga Janairu 1960, da la'asar, aka ji ƙara da rugugi, waɗansu ma'aikata suka gudo waje, aka mai da su. Da magariba ɗaruruwan ginshiƙai suka murƙushe cikin ƴan mintoci. Mutum fiye da 430 suka mutu, yawancinsu ƴan ci-rani daga Lesoto da Mozambik. Ko gawa ɗaya ba a fitar ba.

Yaya ginshiƙai masu yawa haka za su faɗi lokaci guda? Ka ga mutum goma ɗauke da gungume. In ɗaya ya durƙusa, kayansa ya koma kan na kusa da shi. In su ma a iyakar ƙarfinsu suke, sai su durƙusa, na gaba su bi, har gungumen ya danne kowa. Amma in kowane yana da sauran ƙarfi a ajiye, faɗuwar ɗaya ba ta kai sauran ƙasa.

Bayan wannan masifa aka sa masana bincike. Biyu daga cikinsu, Salamon da Munro, suka tattara labarin wurare 125: a 27 ginshiƙai sun rufta, a 98 suna tsaye. Suka auna faɗi, da tsayi, da zurfin kowane. A 1967 suka fito da ƙa'ida. Ƙarfin ginshiƙi yana ƙaruwa da faɗinsa, yana raguwa da tsayinsa. Turmi da taɓarya duk itace ne, amma wa zai dogara rufi bisa taɓarya in ga turmi? Ginshiƙi mai kauri, ko gefensa ya ɓantare, cibiyarsa tana nan a matse, dutsen kewaye yana riƙe da ita. Siriri kuwa duk jikinsa gefe ne. Suka kuma ce kada a yarda ƙarfi ya zo daidai wa daida da nauyi. A bar rara: in nauyin 10 ne, ƙarfin ya kai 16.

Wannan ƙa'ida ta gawayi ce, gawayi kuwa ba shi da taurin dutse. A ƙasar Kanada akwai wani gari, Eliyot Lek, inda aka gano yuraniyom a 1953, aka buɗe ramuka da yawa ana haƙa ta hanyar barin ginshiƙai. A can waɗansu masana biyu, Hedli da Girant, suka bi sawun na farko. Suka duba ginshiƙan da suka murƙushe, da waɗanda suka tsage, da waɗanda ke lafiya, suka fitar da ƙa'idar dutse mai tauri a 1972. Ramukan Eliyot Lek sun rufe, na ƙarshe a 1996, amma har yanzu ana koyar da ƙa'idar ga injiniyoyin ma'adinai. Ka ga ke nan, sa'ad da aka kafa COMINAK a 1974, wannan ilimi sabo ne fil, shekarunsa ba su kai goma ba, kuma da gawarwakin talakawa ƴan ci-rani aka biya kuɗinsa.

Ratar rufi

Ginshiƙi rabin magana ne. Ɗaya rabin shi ne rufin da ke tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi. Ko ginshiƙai sun fi ƙarfin kayansu, falle guda na dutse in ya saki daga sama ya isa ya kashe mutum. A yawancin ramukan duniya ma, irin wannan faɗowar ƙanana ta fi babbar rufta cin rayuka, domin kullum tana nan.

Dutsen da ke kwance shimfiɗa-shimfiɗa kamar azara yake. Kowace shimfiɗa tana dogare da ginshiƙi nan da can, tsakiyarta a sake. In ka ninka ratar sau biyu, wahalar da ke kanta ba sau biyu take ninkuwa ba, sau huɗu ne. Shi ya sa ƙarin mita guda a faɗin hanya, don mota ta ji daɗin juyawa, ba ƙaramar magana ba ce. Mararraba kuwa, inda hanya biyu suka gicciye, nan ratar ta fi tsawo, nan aka fi tsoro. Wani abin kuma, tsakanin shimfiɗun dutsen yashi akan samu siririn zanen laka. Laka ba ta riƙo, balle in ta sha ruwa. Ƙasan Akuta kuwa da ruwa, domin dutsen da ƙarfen ke ciki shi ne kuma matattarar ruwan ƙarƙashin ƙasa, dole injuna su yi ta zuƙewa.

Da can da gumagumai ake tokare rufi. Daga ƙarshen shekarun 1940 wata dabara ta yaɗu daga ramukan Amurka, ita ce ƙusar rufi. Ana huda rufin sama, mita 2 ko fiye, a cusa sandar ƙarfe, a kafe ta da danƙo ko siminti, a ɗaure bakinta da faranti. Ka san kara ɗaya yaro ma ya karya shi, amma dami ɗaurarre sai a taka a wuce. Haka ƙusa ke yi: tana ɗinke shimfiɗu sirara su zama azara guda mai kauri, ko ta rataye na ƙasa a jikin na sama mai ƙarfi. Inda dutsen ke marmashewa, a ƙara ragar ƙarfe. Inda kuma ake son cin wani ɓangare na ginshiƙai a ƙarshen aiki, ƙa'ida ita ce a fara cike ɗakunan da aka gama da tsakuwa da yashi, wani lokaci da siminti, kuma a bar manyan ginshiƙai na shinge tsakanin sashe da sashe, don in wuri ɗaya ya tafi kada ya ja sauran.

Duk da injuna da lissafi, akwai aikin da sai kunne. Bayan an tashi nakiya, kafin kowa ya shiga, sai gwani ya ɗauki doguwar sandar ƙarfe ya bi rufin yana ƙwanƙwasawa. Daidai yadda uwargida take gwada tukunya a kasuwar Dakoro kafin ta biya. Lafiyayyen dutse yana amsawa rau. Wanda ya rabu da na samansa yana amsawa kamar fasasshiyar ƙwarya. Irin wannan sai a ɓamɓaro shi da gangan, mutum yana tsaye a ƙarƙashin wurin da ya riga ya gwada.

Abokin gaba marar wari

Ramin yuraniyom yana da wata matsala da ramin gawayi ko na gishiri ba su da irinta. Dutsen yana fitar da wata iska mai suna radon, ba launi, ba wari. In mutum ya daɗe yana shaƙarta, tana jawo ciwon daji na huhu. Tun ɗaruruwan shekaru mahaƙan azurfa na garin Shinebag a Jamus suke mutuwa da ƙuruciya da ciwon ƙirji. Sai a 1879 likitoci biyu suka tabbatar dajin huhu ne, daga baya aka gane radon ce sanadi. Maganinta iska mai gudu. Ana haƙa rijiyoyin iska daga sama, a sa manyan fankoki, sabuwa ta shiga ta nan, gurɓatacciya ta fita ta can. Sassan da aka gama kuwa a toshe su da bango.

A nan ginshiƙi yana da aiki na biyu. Jerin ginshiƙai da bangayen da ke tsakaninsu su ne ke nuna wa iska hanya. In rufi ya rufta, hanyar iska ta toshe, bangon da ya tsare tsohon sashe ya fashe, farfasasshen dutse kuma ya fi dunƙulalle sakin radon. Saboda haka ginshiƙin da ya gaza yana iya kashe mutum yau, yana kuma iya kashe wanda ya tsira bayan shekara ashirin.

Ƙarshen Akuta

Hanyoyin da aka fasa a ƙarƙashin Akuta sun haura kilomita 250, ana lissafa ramin cikin mafiya girma na yuraniyom a duniya. Abin da ya fito daga ciki wajen tan 75,000 ne. Ana mai da shi gari rawaya, a zuba a ganguna, motoci su kai Paraku, jirgin ƙasa ya kai Kwatano, jirgin ruwa ya wuce da shi Turai. Daga baya ƙarfen mai kyau ya ƙare, farashi ya faɗi. Ran 31 ga Maris 2021 aka tsai da aiki. Ma'aikatan kamfanin wajen 600 suka rasa gurbinsu, ban da ɗaruruwan da ke aiki ƙarƙashin ƴan kwangila. A sama an bar tudun tarkace wajen tan miliyan 20, wanda dole a lulluɓe shi. Ƙungiyar Aghirin'man ta mutanen Arlit ta daɗe tana kuka kan ƙura da ruwa da lafiyar tsofaffin ma'aikata, kuma wannan magana ba ta mutu ba.

Abin da ya shafe mu

Mai karatu, kada ka ce wannan zancen injiniyoyi ne. Tun da aka ji labarin zinariyar Jado da Cibarakaten a 2014, samarinmu suke ɗaukar diga da tebur suna nufar daji. A 2021, shekarar da Akuta ya rufe, zinariya ta ɓulla a cikin jaharmu ta Maradi, a ƙasar Ɗan Isa kusa da iyakar Najeriya. Dubban mutane suka taru. Ran 7 ga Nuwamba ramuka suka rufta, aƙalla mutum 18 suka rasu.

Ƙasa ba ta san kamfani ba, ba ta san mai diga ba. Hukuncinta ɗaya ne. In ramuka biyu suna kusa, ƙasar da ke tsakaninsu ita ce ginshiƙinsu. In wannan ya fafe ta gefensa, wancan ya fafe ta nasa, kowa yana bin jijiyar zinariya, to sun haɗu sun cinye abin da ke riƙe da su duka. In aka faɗaɗa kogo a ƙasan rami, an ninka rata. In damina ta jiƙa ƙasa, ƙarfinta ya ragu. In tsakuwa ta fara zubowa, ko bango ya tsage, ko aka ji ƙara, rufin ne yake sallama. A Kolburuk an ji wannan sallama har sau biyu.

In kana da ɗa ko ƙane mai shirin tafiya, zaunar da shi ka yi masa lissafin nan na buhunan gero. Gaya masa kamfanin da ke da injuna da masana ma yakan bar tan dubbai na dutse mai ƙarfe a tsaye, ya juya baya ya tafi, ba don bai san kuɗinsa ba. Hausawa sun ce garin neman gira akan rasa ido. Abin da aka bari a ginshiƙi shi ne kuɗin hanyar komawa gida.

Allah ya tsare masu nema a duk inda suke, ya jiƙan waɗanda ƙasa ta rufe, amin.